Wurin da Shamsu Ke Tsallakewa

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan la'asar. Argungu.

Yau kwana goma sha biyu da kwantar da matata Sadatu a asibiti a Birnin Kebbi, kwana tara da yi mata aikin. Na dawo daga makaranta na tarar da gidan yadda na bar shi. Na ɗauko ragowar wannan littafi na shirin darasi don in sami abin yi da hannuna.

Na kira unguwar Gesse a Birnin Kebbi. Ɗiyarmu Ummu Hani tana can gidan ƙanena Shamsu tun ranar da muka tafi da uwarta, an sa ta wata makaranta kusa da su kafin a ga abin da Allah zai yi. Matarsa Ɗayyaba ce ta ɗauka, ta miƙa mata. Ta gaishe ni da ladabi kamar mai gaida hedimasta. Na ce yaya karatu, ta ce lafiya lau. Na ce kina cin abinci, ta ce e. Sai na ji sallamar Shamsu daga nesa, nan take muryarta ta sake: "Baba Shamsu, kada ka kunna sai na zaka!" Ta ce min sai an jima, za su kalli katun.

Minti biyu da rabi muka yi. Wayar ta nuna min.

Ba ta tambayi uwarta ba. Dama na ce mata zazzaɓi ne, kuma asibitin ba su barin yara su shiga.

Laraba, 8 ga Oktoba, kafin shiga aji.

Shekara goma yarinyar nan tana gidana, ban taɓa jin ta ɗaga murya don murna haka ba.

Asabar, 11 ga Oktoba, bayan magariba. Gesse.

Na fara zuwa asibiti. Balaraba, yayar Sadatu, ita ke zaman jinya. Tun bayan aikin Sadatu ba ta magana, sai rubutu. Ta jawo takarda ta rubuta: "Yarinya fa?" Na ce tana lafiya, ta yi ƙiba ma. Ta rubuta: "Kada ka kawo ta ta gan ni haka." Ta ja layi biyu a ƙarƙashi.

Likita ya kira ni ofishinsa. Ya faɗi sunan abin da Turanci, ya sake faɗa da Hausa. Na ji duka biyun.

Daga nan na hau keke Napep zuwa Gesse da ƙullin soyayyen kifi da na taho da shi daga gida, irin wanda take so. Na yi sallama sau biyu ba a ji ba saboda ƙarar talabijin. Da na shiga falo na gan su a kan kafet: Shamsu ya miƙe ƙafa, ita ta jingina da kafaɗarsa tana dariya har tana buga masa gwiwa. Tana ganina ta tashi, ta gyara ɗankwali, ta durƙusa: "Baba, sannu da hanya."

Ni ake durƙusa wa. Shi ake buga wa gwiwa.

Na san laifina ne, ko kuma laifin yadda muka tashi. Ɗiyar fari ce, ban saba wasa da ita gaban mutane ba, ko sunanta ba na kira sai dai in ce "ke". Haka mahaifinmu ya yi da ni, shi kuwa Shamsu auta ne, a cinyarsa ya girma. Shekara bakwai da aurensu Allah bai ba su haihuwa ba, shi ya sa duk abin da suka tara na so suka juye a kan ɗiyata.

Ta karɓi kifin ta gode, ta kai kicin. Ban ga ta ci ba.

Da suka sa kashi na biyu, na ga wata lamba ta fito a kusurwar talabijin ta ɓace: 16. Na rubuta sunan fim ɗin a tafin hannuna.

Litinin, 13 ga Oktoba, lokacin tara.

Na nuna wa Malam Abdussamadu, mai koyar da kwamfuta, sunan. Ya duba a wayarsa, ya yi dariya.

"Malam Kalilu, ba kowane katun ba ne na yara. Wanga lamba da ka gani, ma'anarta ɗan ƙasa da sha shida bai kamata shi kalla ba. Zane ne dai, amma abin da ke ciki na manya ne."

Na ce ya samo min in gani da idona. Ya ce gobe.

Talata, 14 ga Oktoba, bayan azahar.

Na kalla a ɗakin malamai bayan an tashi, ni kaɗai, a kwamfutar Abdussamadu.

Wata yarinya ce mai koren mayafi, tana tashi sama, tana tare gadar da za ta faɗi da hannu ɗaya. Farkon ba laifi, har na yi murmushi. Can sai ga wani an fizge masa hannu daga kafaɗa, jini ya wanke bango. An yi zagin da ko a tasha ba na son ji. Akwai wani wuri na mace da namiji da sai da na waiga na ga ko akwai ɗalibi a taga. Sannan kusa da ƙarshe maƙiya suka samu uwar yarinyar a gida. Aka nuna ta a gadon asibiti da robobi a hanci da wuya, ɗiyar tana tsaye a kanta da duk ƙarfin nan nata, ba abin da ta iya. Aka ja farin zane aka rufe fuskar.

Na rufe kwamfutar.

Zan rubuta gaskiya tunda ba mai karanta wannan sai ni. Bayan ɓacin rai akwai wani abu da na ji, kuma daɗi ne. Na ji daɗi na kama Shamsu da laifi. Mai sola, mai mota, mai haƙuri, wanda kowa ke cewa Allah ya yi masa albarka. Ashe ga abin da yake zuba wa yarinya a ido.

Astagfirullah. Amma na ji daɗin.

Laraba, 15 ga Oktoba, da yamma.

Ba ta kira ba. Ni ma ban kira ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan la'asar. Harabar asibiti.

Sadatu ta ƙara ramewa. Ta jira Balaraba ta fita ɗebo ruwa, sannan ta rubuta doguwar magana ta miƙo min. Game da yarinya ne, da Ɗayyaba, da inda ya fi dacewa ta zauna in abu ya zama wani abu.

Na ce, "Ki daina irin wagga magana."

Ta nuna takardar da yatsa, wai in amsa. Na ninke ta na sa aljihu na ce zan je salla. Lokacin salla bai yi ba.

Har ita ma. Har Sadatu ta auna mu a sikeli ta ga wanda ya fi nauyi.

Asabar, 18 ga Oktoba, da hantsi. Cikin mota, hanyar Argungu.

Motar na rawa, rubutu ba ya yiwuwa. Yarinya tana gefena ta juya fuska ga taga.

Asabar ɗin dai, bayan azahar. Gida.

Ga yadda aka yi. Da safe na tare Shamsu a ƙofar falo na ce ina da magana. Na ce masa na kalli abin da yake nuna mata daga farko har ƙarshe. Na lissafa masa: jinin, zagin, wurin nan na rashin kunya, da mutuwar uwar. Na ce amana na ba shi.

Bai yi gardama ba. Ya ce, "Yaya, dakata in nuna maka wani abu." Ya buɗe durowar da ke ƙarƙashin talabijin ya ɗauko wata takarda. Rubutunsa ne, ƙanana, layi-layi: sunan kowane fim, da minti kaza zuwa minti kaza. A gaban wasu ya rubuta "jini", wasu "baki", wasu ya sa gicciye kawai.

"Duk wanda za mu kalla sai na fara kallo a ofis lokacin hutu," in ji shi. "In munka kawo wurin, sai in tsallake. Wancan na uwar minti goma sha ɗaya ne, ban bari ta gani ba. Na ce mata uwar ta yi tafiya. Ƙawayenta na makaranta duk shi suke zance, na ga gara ta kalla gabana da ta kalla a wayar wani."

Da ya yi min rashin kunya da ya fi min sauƙi. Na tsaya da takardar a hannu, ina ganin aikin da ya yi wa ɗiyata, wanda ni ban taɓa tunanin uba na yi ba. Ni abin da na sani shi ne a kashe talabijin a ce a ɗauko allo.

Sai bakina ya riga ni. Na faɗi maganar da shekara bakwai ba wanda ya taɓa faɗa musu a danginmu, game da wanda ya haifa da wanda bai haifa ba.

Ɗayyaba tana bakin kicin da faranti a hannu. Ta ajiye shi a hankali a kan firji ta shige ɗaki.

Shamsu ya ce, "Haka ne, Yaya." Shi ke nan abin da ya ce.

Na ce a haɗa mata kayanta. Shi ya kai mu tasha da motarsa. Ya buɗe mata ƙofa, ya ce ta yi wa Babanta biyayya.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da rana.

Na dafa shinkafa da wake. Ya caɓe. Ta ci cokali huɗu ta ce ta ƙoshi, ta gode.

Komai ta gode. Na gaji da godiya.

Ta shiga ɗakin uwarta ta zauna bakin gado, ba ta taɓa komai ba.

Litinin, 20 ga Oktoba, bayan magariba.

Na tafi da ita makarantarmu, na zaunar da ita a ɗakin malamai. Malamai mata sun yi ta janta da wasa, ba ta sake ba. A hanyar dawowa na saya mata rake. Ta riƙe shi har gida.

Shamsu bai kira ba. Balaraba ta kira ta ce Sadatu na tambaya me ya faru a Gesse. Ban san wa ya kai mata ba.

Talata, 21 ga Oktoba, da safe.

Na sami abin da nake so. Ga ta a gidana.

Laraba, 22 ga Oktoba, bayan isha'i kaɗan.

Doguwa ce ta yau.

Bayan la'asar ta zo ta durƙusa ta ce in ara mata waya ta gaida Baba Shamsu. Na ba ta. Ta zaga bayan ɗaki wajen randa. Ni kuma, malami mai shekara arba'in da uku, na bi ta na laɓe jikin bango kamar ɓarawon kaji. Wayar ta shiga sifika, ba ta iya cire shi ba, na ji komai.

Ta ce, "Baba Shamsu, na kalli wurin da ka tsallake."

Ya ce, "Yaushe?"

"Ranar da Anti Ɗayyaba ta tai kasuwa. Ka ce uwarta tafiya ta yi. Ba tafiya ta yi ba."

"Ummu…"

"Baba ya ce Inna zazzaɓi take. Zazzaɓi ba shi hana magana a waya. Kwana ashirin da biyar ban ji muryarta ba, ina ƙirgawa. Don Allah ka gaya min. Ita ma tsallakewa kuke?"

Na dafa bango.

Tana gidana, ni da ita kaɗai kwana huɗu, tabarmarmu ɗaya, kwanonmu ɗaya. Ta ɗauki wannan tambaya ta aika Birnin Kebbi.

Na ji ya ce, "Innarki tana da rai, wallahi. Sauran kuma ba ni ke da ikon faɗa ba. Ki tambayi Babanki. Shi ne ke zuwa wurinta, shi ne likita ke kira. Kada ki ji tsoronsa, ya fi kowa son ki, bai dai iya faɗa ba."

Ta ce, "Shina fushi."

Ya ce, "Ba da ke ba."

Na koma tabarma kafin ta fito. Ta kawo wayar ta gode. Na jira ta tambaya. Ba ta tambaya ba. Ta ɗauki buta za ta wuce, sai na ce, "Sa takalminki, mu tai bakin gulbi."

Muka bi ta cikin fadama, masu yankan shinkafa suna ɗaure dami. Muka zauna kan wani kwale-kwale da aka kifar. Wasu masunta biyu suna can tsakiyar ruwa kan manyan gorunan da suke hawa. Na fi minti goma ina neman ta inda zan fara. Wanda ke tsayawa gaban ɗalibi saba'in kullum.

Na ce, "Na yi miki ƙarya. Ba zazzaɓi ba ne."

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Na sani."

Sai na gaya mata. Na ce wani abu ne ya fito wa Inna a maƙogwaro, likitoci sun yanka sun cire, sun sa mata roba a wuya da take numfashi da ita, shi ya sa ba ta magana. Na ce ta rame ƙwarai. Na ce akwai sauran magani mai wahala a gaba. Na faɗa mata sunan ciwon, da Hausa. Karo na farko ke nan da ya fita daga bakina.

Ta ce, "Za ta mutu?"

Na ce, "Ban sani ba. Likita ma ya ce bai sani ba. Allah kaɗai ya sani. Amma duk abin da na sani daga yau, ke ma za ki sani."

Ta yi ta kallon ruwa. Can ta matso ta kifa kanta a cinyata ta fashe da kuka, irin kukan da rabon da in ji ta yi shi tun tana goye. Ban san inda ake sa hannu ba. Na ɗora shi a bayanta na bar shi nan har aka kira magariba.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da la'asar. Birnin Kebbi.

Na nemi izini a makaranta na kai ta.

Sadatu tana ganinmu a ƙofa ta jawo mayafi ta rufe wuya, ta watso min wani kallo da na san zan biya shi daga baya. Yarinya ta tsaya. Sai ta taka har bakin gado ta ce, "Inna, Baba ya gaya min akwai roba. In gani?"

Sadatu ta dube ta, ta dube ni. Ta sauke mayafin da kanta.

Ummu Hani ta duba da kyau, ba ta kau da kai ba. Ta ce, "Shina ciwo?" Uwar ta nuna da yatsu: kaɗan. Ta hau gadon ta zauna wajen ƙafafunta ta fara ba ta labarin makarantar Gesse, da wata malama mai faɗa, da shinkafata da ta caɓe. Sadatu ta yi dariya ba sauti, har nas ta leƙo. Balaraba ta fita waje tana share ido da bakin zane.

Da za mu tafi Sadatu ta rubuta min: "Ka saɓa min." A ƙasa ta ƙara: "Ta yi tsawo."

Juma'a, 24 ga Oktoba, da hantsi. Gesse.

Na je na sami Ɗayyaba tana tsince shinkafa. Na cire hula na durƙusa gabanta, ni da nake yayan mijinta. Ta ce, "Subhanallahi, Yaya, tashi." Na ce ba zan tashi ba sai ta ji. Na ce maganar da na faɗa ba ta da uba, kishi ne ya sa ni, ba wani abu ba.

Ta jima tana juya shinkafar a tire. Ta ce, "Na yafe. Amma ta yi min zafi, Yaya, ba zan ɓoye ba. Ni ban taɓa cewa tawa ce ba. Kitso kawai nake mata."

Shamsu bai bari na gama ba, ya ce a bar zancen. Ya ce shi ma ya yi kuskure, da ya tambaye ni tun farko kafin ya kunna mata mai lamba sha shida, ko da tsallakewa. Muka yi shawara: masu lambar manya an ajiye su sai ta girma, sauran kuma zai riƙa turo min suna in duba. Na ce to. Ban gaya masa ba ni da inda zan duba sai na roƙi Abdussamadu ba.

Haƙurinsa har yanzu yana ba ni haushi. Allah ya shirye ni.

Lahadi, 26 ga Oktoba, bayan azahar. Tasha.

Jibi za a wuce da Sadatu Sakkwato don fara ɗayan maganin, sati biyu, sannan a dawo da ita nan Birnin Kebbi. Takardarta tana aljihuna, ban amsa ba, ita ma ba ta sake tayar da zancen ba.

A Gesse muka yi kwana biyun nan. Da safe na tambayi yarinya inda take so ta zauna, Argungu ko Gesse. Na ce ta faɗi gaskiya, ba zan yi fushi ba. Na shirya wa amsar kamar mai jiran allura.

Ta ce Gesse. Ta ce daga Gesse keke ɗaya ne zuwa asibiti, in an dawo da Inna za ta riƙa zuwa kullum bayan makaranta ta karanta mata abin da aka koya musu. Ta ce, "Kai kuma ranar Juma'a ka zo da kifi. Wancan Anti Ɗayyaba ta ɗumama min, ni kaɗai na cinye."

Shamsu da yarinya sun rako ni tasha. Shamsu ya ajiye mota a tsallaken titi saboda cunkoso. Da muka zo tsallakawa, ga babura ga manyan motocin albasa, ta miƙa hannu ba tare da ta duba ba, ta kama nasa. Na gani. Har yanzu da nake rubutun nan ina jin wurin da ya soke ni.

Na biyo su a baya da jakata. A tsakiyar titi ta ja shi ta tsaya, ta waiwayo tana nemana cikin mutane. Ba ta ƙara taku ba sai da na iso.